AIKIN ƊAN'UWA A MAKARANTAR SAKANDARE BAI TSAYA A MASALLACI BA

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malami daga cikin 'yan'uwa, wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantun kwana, ya gabatar ga ɗaliban sakandare a wani zama da aka yi da su lokacin hutun da ya gabata.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), Malam ya fara da tambayar mahalarta ko su nawa ne ke halartar ta'alimi a masallacin makarantarsu. Kusan kowa ya ɗaga hannu. Sai ya sake tambaya, su nawa ne suka taɓa kwana a ɗakin shan magani suna jinyar ɗalibin da ba ɗan garinsu ba, ba kuma abokinsu ba? Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ya ce to a kan wannan zai yi magana.

Malam ya tunatar da cewa ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, wadda da yawansu suka fara sanin dawa da garin addini a cikinta, ba manyan malamai suka kafa ta ba. Yaran sakandare ne irinsu suka kafa ta a Legas a 1954, shugabanta na farko kuwa shi ne Lateef Adegbite, wanda a lokacin ɗalibi ne a King's College. Ya ce yaran nan sun tashi ne a makarantun da Musulmi ke jin kunyar bayyana addininsa, ba su da kuɗi, ba su da ofis, amma ga shi yau tana da rassa a makarantun sakandare da dama a ƙasar nan. Don haka kada wani ya ce shi yaro ne, sai ya shiga jami'a zai fara aiki.

Daga nan ya juya kan sauran ƙungiyoyin makaranta, irin su Sikawut da Red Cross da ƙungiyar muhawara da ta 'yan jarida da ta manoma. Ya ce ya san wasu 'yan'uwa na ƙyamar wasunsu saboda asalinsu, kuma sanin asalin abu ba laifi ba ne. Baden-Powell da ya ƙirƙiro Sikawut a Ingila a 1907 hafsan sojan mulkin mallaka ne, har da shi aka je yaƙin Asante a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. Red Cross kuwa an kafa ta a Janeba a 1863, bayan da Henri Dunant ya ga yadda aka bar dubban raunanan sojoji yashe a fagen yaƙin Solferino a 1859, daga baya Daular Usmaniyya ta sa jinjirin wata a madadin alamar kuros. Amma, in ji Malam, ɗaurin karaya da tsayar da jini ba su da ƙabila. Kuma tun kafin a haifi kakannin Dunant, Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar raunana, can aka kai Sa'adu bin Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. Ya ce ashe kayan gidanmu ne muka bari a hannun maƙwabta, muka koma gefe muna zargin su.

A nan Malam ya daɗe. Ya kawo annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, akasarinsu a Arewa, cutar da ta sake ɓarna a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. Ya ce cuta ce ta lokacin zafi da ƙura, kuma ba inda take so kamar ɗakin da aka cunkushe, an rufe tagogi, wato dai ɗakin kwanan ɗalibai. Yaro zai kwanta da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuyansa ya sanƙare, abokansa su lulluɓe shi da bargo su tafi aji, suna cewa zazzaɓin sauro ne. Kafin gari ya sake wayewa abu ya gagara. Ya tambaya, a cikin ɗaki mai yara hamsin, da 'yan'uwa goma da ba su rasa sahun farko, a rasa mutum ɗaya da ya san cewa wannan yaron asibiti za a kai shi yanzu-yanzu, ko da za a tashi Firinsifal daga barci?

Haka ya ce game da gudawa da amai. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya kafin a kai shi ga likita. Haka mai farfaɗiya: ba a cusa masa cokali a baki, ba a danne shi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe, kuma yawunsa ba ya harbin kowa. Ya ce duk wannan ilimin na mako biyu ne, amma ɗan'uwa zai shekara shida a makaranta bai neme shi ba, alhali ya iya jayayya a kan mas'alolin da suka gagari manya.

Sai ya taɓo abin da ya kira ciwon da ba a son a faɗa, wato zaluncin siniyoyi. Ya ce ya ga ɗalibin da zai ja salla da asuba, da hantsi ya ƙwace garin kwaki da sukarin ɗan aji ɗaya, ya aike shi ɗebo ruwa da bokiti biyu, ya sa shi wankin kayansa. In an yi magana ya ce ai shi ma haka aka yi masa. Malam ya ce wanda bai iya barin zaluntar yaro ɗan shekara 12 ba, da wane baki zai hau mumbari ya la'anci azzaluman mahukunta? Ya shawarci 'yan'uwa kada su guji muƙamin firifet in an ba su, musamman na abinci da na lafiya, domin in suka ƙi, wani zai karɓa, kuma ludayin yana hannunsa.

Ya buƙaci kowane reshe, da an koma hutu, ya ware mutum biyar masu koyon taimakon farko, ya tsara masu zagaya marasa lafiya bayan Isha, sannan waɗanda suka iya lissafi da Turanci su riƙa koya wa ƙannensu kyauta, don wannan ne maganin satar amsa a jarrabawar WAEC da NECO, ba wa'azi kaɗai ba. Ya ja kunne cewa hidimar ta haɗa da ɗalibin da ba Musulmi ba, ba a tambayar mara lafiya addininsa kafin a ba shi ruwa. Kuma a yi komai da sanin hukumar makaranta, kada a jawo wa wani kora a banza.

A lokacin tambayoyi wani ɗalibi ya ce, Allah gafarta Malam, a makarantarsu lokacin atisayen ƙungiyar agaji yana cin karo da sallar La'asar. Malam ya ce su shiga da yawa, su je wurin malamin da ke kula da ƙungiyar cikin ladabi su nemi a matsar da lokacin da minti 20, don mutum ɗaya ake ce wa ya yi haƙuri, ba mutum goma sha biyar ba. Wani kuma ya tambaya ko duk wannan ba zai cinye lokacin karatu ba. Malam ya yi murmushi ya ce ya fara lissafa awannin da yake yi a kan wayarsa tukuna, sannan ya dawo da tambayar a zama na gaba.

An rufe zaman da addu'a gab da Magariba.