Sa'ar Farko Bayan Haɗari: Aikin Da Ke Gabanmu A Illela

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamanmu, shugabannin ƙungiya, 'yan uwana maza da mata da suka taso daga Sakkwato, Kaduna, Abuja, Legas da sauran birane, ina yi muku barka da zuwa gida. An nemi in yi bayani a kan aikin ceto da agajin gaggawa, kasancewar shi ne abin da na shafe shekaru ina yi. Maganata guda ce: abin da aka yi wa wanda ya ji rauni kafin a kai shi asibiti, sau da yawa shi ke raba tsakanin rayuwa da mutuwa, kuma wannan aiki yana hannun mutanen gari.

Kowa a nan ya san hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Kware da Gwadabawa ta iso Illela, sannan ta haura Birnin Ƙonni. Kun san yadda take cika ranar Lahadi da tirelolin shanu, motocin kaya da 'yan kabu-kabu. A shekarar 2024 kuma an ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, wadda daga nan Illela za ta soma. Alheri ne babba, amma hanya mai kyau tana zuwa da gudu. Daga nan zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kimanin kilomita 80 ne. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska kuwa tana soma lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, kuma wanda babbar jijiyar jininsa ta yanke zai iya cikawa cikin 'yan mintoci. Babu motar asibitin da za ta riga wannan lokaci. Wanda ke kusa shi ne likitan farko.

Ba zan manta da wani saurayi da aka kawo mana wata rana da yamma ba, mota ta buge shi a cinya. Raunin ba na mutuwa ba ne. Amma jama'a sun kewaye shi fiye da rabin sa'a, kowa na tsoron kada a ce shi ne, ana jiran 'yan sanda. Babu wanda ya danne raunin ko da da rawani. Ko da ya iso, jininsa ya ƙare. Tsoro da rashin sani suka kashe shi.

Bari in fara da tsoro, domin doka ta sauya, kuma da yawa daga cikinmu ba su sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. A 2017 aka sa hannu a kan dokar da ta wajabta jinyar wanda aka harba da bindiga. Ta ce asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, dole ya karɓi mai raunin harbi nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin sa'a 2 da soma magani. Ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi, kada a wahalar da shi da tambayoyi marasa dalili. A halin rashin tsaro da gabashin jiharmu ke ciki, ya kamata kowane direba da kowane mai unguwa ya san wannan doka.

Haka nan dokar 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa domin jinyar gaggawa. A kan wannan ne Gwamnatin Tarayya ta soma shirin NEMSAS a 2022, wanda ke ɗaukar nauyin motar asibiti da jinyar sa'o'i 48 na farko a asibitocin da ke cikin shirin. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuwa 122, kuma duka kyauta ne. Haƙƙin da ba a nema ba yakan kwana a takarda. Ku da kuke zaune kusa da ma'aikatu, ku ne ya kamata ku tambaya: ina rabon Illela?

Sai batun sani. Horarwar agajin farko ita ma ta sauya. A da ana koya wa mutum ya fara hura iska ga wanda zuciyarsa ta tsaya; tun daga 2010 aka koma ga fara danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, da ƙarfi, a tsakiyar ƙirji. Mai zubar jini, a danne raunin da tsumma mai tsabta, kada a ɗaga don a leƙa. Idan a hannu ne ko ƙafa kuma ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin sosai, a riƙe lokacin da aka ɗaure. Ƙuna, a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da manja, ɗanyen ƙwai ko man goge haƙori. Saran maciji, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗauri. A hana gaɓar motsi a nufi asibiti. Wanda ake zaton ya ji rauni a wuya ko gadon baya, kada a finciko shi daga mota kamar buhu, kuma kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mu kuwa burinmu a tashi, a kuma iya rawar.

Akwai kuma lokacin da agaji shi ne korar jama'a. A Oktoban 2024, a Majiya ta Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka ƙone wajen kwasar mai daga tankar da ta faɗi. Tankoki na bin hanyarmu kullum. Mutum goma masu horo da jama'a ke jin maganarsu za su iya hana irin wannan.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasashen Turawa. A ƙasar Gana, wajen shekarar 2000, an horar da direbobin haya fiye da 300 a kwas na sa'o'i 6 kacal, aka kuma ga sun inganta wajen tsayar da jini da ɗaure karaya. A jihohin Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara, an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti dare ko rana. Abin da ya yiwu a can zai yiwu a Kalmalo, Araba, Gidan Hamma da Tozai.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawarwari huɗu. Na ɗaya, mu gayyato Red Cross da jami'an kiyaye haɗurra su horar da direbobin tasha, 'yan kabu-kabu, 'yan agajin masallatai da shugabannin kasuwar kara, a kuma riƙa maimaita horon kowace shekara, domin hannu yana mantuwa. Na biyu, mu ajiye akwatin agaji a tasha da kasuwa da kowace mazaɓa, da sunan wanda zai kula da shi. Na uku, mu buɗe rajistar masu ba da jini tare da Babban Asibitin Illela. Na huɗu, mu fassara dokokin nan biyu da Hausa, cikin boko da ajami, a liƙa su a tasha da ƙofar asibiti.

'Yan uwa, mun gina ajujuwa, mun haƙa rijiyoyi, kuma an ga amfaninsu. Wannan aiki bai kai su tsada ba. Mu da muke birni, a kan hanyar nan muke zuwa Sallah da biki da ta'aziyya, kuma babu wanda ya san hannun da zai fara taɓa shi in ta faru. Ina roƙon kada mu tashi daga taron nan sai an naɗa kwamiti, an sa ranar horo na farko.

Allah Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.