Ruwan Faya: Abin Da Launinsa Ke Faɗi

Tun kafin jariri ya shaƙi iskar duniya, a cikin ruwa yake zaune. Ruwan faya kenan, wanda ke kare shi idan uwa ta yi tuntuɓe, ya riƙe masa ɗumi, ya hana cibiya matsewa.

Abin mamaki, daga tsakiyar goyon ciki yawancin ruwan nan fitsarin jaririn ne. Yana haɗiye shi, yana zuƙarsa yana fitarwa, da haka huhunsa ke ƙwari. Wajen mako na 34 ruwan kan kai mililita 800. Idan ya yi yawa fiye da kima, likita kan binciki ciwon suga; idan ya yi kaɗan, hoton ciki ne ke nunawa.

Inda hankali ke tashi shi ne ranar da faya ta fashe. Sau da yawa mai cikin fari takan ji zaninta ya jiƙe, kunya ta sa ta yi shiru har gari ya waye. Wannan shirun yana da haɗari, domin ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Lafiyayyen ruwa garau yake, ba wari. Idan ya fito kore-kore, jaririn ya yi kashi a ciki, wataƙila yana cikin wahala. A nemi mota nan take, a tafi asibiti, ko da naƙuda ba ta fara ba.