RUBUTACCEN SHIRI: Me ya sa manhaja take hawa wata kwamfutar, ta ƙi hawa wata?

Ga waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, ga shirin a rubuce kamar kullum.

Bari in fara da abin da ya same ni kwanaki. Wani bawan Allah ya ba mu kyautar tsofaffin laftof guda shida don ajin koyon kwamfuta da muke yi wa yaran unguwa ranar Asabar. Windows ta yi musu nauyi, sai na ce to mu ɗora Linux, kyauta ce kuma ba ta cin ƙarfin na'ura sosai. Na sauke Debian 13, na zuba a filashi. Huɗu suka karɓa lafiya lau. Biyu kuwa suka ƙi ko da fara aikin. Na canja filashi, na sake saukewa, data ta tafi a banza. Sai daga baya na gane laifin ba na filashi ba ne. Furosesar da ke cikin waɗannan biyun ba ta jin yaren da aka rubuta manhajar da shi.

To mene ne wannan yare?

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da jerin umarni da aka ƙera ta ta fahimta, kuma kowane gida da nasa. Yawancin laftof ɗinmu na gidan amd64 ne. Kada sunan ya ruɗe ku: kamfanin AMD ne ya fito da tsarin a 2003, amma na'urorin Intel ma da shi suke aiki. Akwai tsohon gidan i386 mai bit 32, kakan amd64. Akwai ARM, wanda ke cikin kusan duk wayar da ke hannunku yanzu, da kuma ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Akwai RISC-V, sabon shiga, wanda aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, kuma kowa na iya ƙera shi ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

Mai rubuta manhaja sau ɗaya yake rubuta ta, amma kafin na'ura ta iya aiki da ita, sai an fassara rubutun zuwa yaren furosesar. Abin da aka fassara wa amd64, ARM ba za ta gane ko harafi ɗaya ba. Shi ya sa manhaja ɗaya take da ƙunshi daban-daban, kowane gida da nasa.

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana da injina da ke wannan aikin dare da rana. Mai kula da manhaja zai tura rubutun tushe, injinan kowane gida su ɗauka su gina. Wasu ƙunsasan, irin su takardun bayani da haruffan rubutu, ba ruwansu da furosesa, sau ɗaya ake gina su kowa ya amfana. Sauran kuwa sai an bi gida-gida. A nan ne ake samun giɓi.

Dalili na farko, ginin ya kan faɗi a wani gidan. Wataƙila mai rubutun ya sa wani umarni da Intel kaɗai ke ji. Wataƙila manhajar ta yi girman da injin bit 32 ba zai iya gina ta ba, tunda kowane aiki a kansa ba ya iya amfani da ma'adana fiye da gigabayit 4.

Na biyu, manhajoji na jingina da juna. Idan guda ɗaya a ƙasa ta ƙi ginuwa, duk waɗanda ke tsaye a kanta sun tafi tare.

Na uku, akwai manhajojin da kamfani ya rufe tushensu. Waɗannan Debian ba ta da ikon gina su, sai abin da mai kaya ya ga dama ya bayar. Google ya daina fitar da Chrome na Linux mai bit 32 tun Maris ɗin 2016. Amma Chromium, wanda tushensa a buɗe yake, Debian ta ci gaba da gina shi wa gidaje fiye da ɗaya. Kun ga bambanci?

Na huɗu, kuma shi ne ya fi damuna: mutane. Kowane gida yana buƙatar masu sa kai da za su gyara abin da ya lalace. Ranar da suka ƙare, gidan ya kama hanyar rufewa.

Abin da ya faru da i386 ke nan, sannu a hankali. Arch Linux ta sallame shi a Nuwamban 2017. Ubuntu ta daina fitar da faifan ɗorawa na tebur mai bit 32 daga fitowar 17.10. Debian ce ta daɗe tana riƙe da shi. Debian 12, ta watan Yunin 2023, ta zo da shi cikakke. Amma da Debian 13 ta fito ranar 9 ga Agustan 2025, babu manhajar ɗorawa, babu zuciyar tsarin ta i386. An bar wasu ƙunsasai ne kawai don tsofaffin manhajoji su yi aiki a kan na'urar bit 64. A fitowar nan ɗin dai aka karɓi RISC-V a hukumance. Wani gida na rufewa, wani na buɗewa.

Wani zai ce, to ina ruwanmu? Ruwanmu ne ƙwarai. Kwamfutar da aka yi ritayarta a Turai, a kasuwarmu take sauka a matsayin ta hannu. Ɗalibin da ya tara kuɗi wata shida, ita yake iya saya. Ga shi Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin na'urori. Linux ce mafakar da ta rage, ita ma ƙofarta na ƙara tsukewa ga masu bit 32.

Ni ban ga laifin masu aikin Debian ba. Yawancinsu masu sa kai ne, ba za su yi ta ɗaukar kayan da babu mai taya su ba. Tambayata gare mu ce: lokacin da ake neman masu riƙe gidan, mu da muka fi kowa amfani da tsofaffin na'urori, ina muke?

Ga abin da za ku yi a aikace. Kafin ka sayi laftof ta hannu, duba sunan furosesar. Pentium M, Core Duo, da Atom N270 na ƙananan laftof ɗin nan, duk bit 32 ne, kada arha ta ja ka. Core 2 Duo da Core i3, i5, i7 suna ɗaukar bit 64. Idan Linux na kai, buɗe taminal ka rubuta lscpu, layin farko-farko zai nuna maka ko tana ɗaukar 64. Da yawa na'urar mai 64 ce, tsarin 32 kawai aka ɗora mata, sake ɗorawa ya wadatar. Kafin ka sauke ƙunshi kuma, rubuta dpkg --print-architecture ka ga gidanka. A shafin packages.debian.org, kowace manhaja da jerin gidajen da aka gina mata a ƙasa. Minti ɗaya a can zai tsare maka datar mako guda.

Laftof ɗinmu biyu fa? Debian 12 na ɗora musu, yara na koyon buga rubutu da lissafi a kai. Na san lokacinsu ƙidayayye ne, amma yau suna aiki.

Ku masu karatun kimiyyar kwamfuta, aiki na jiranku. Ba sai ka zama gwani ba. Gwada manhaja a tsohuwar na'ura ko Raspberry Pi, in ta ƙi, ka aika rahoto. Haka ake fara shiga a dama da kai.

Wace furosesa ce a kwamfutarku? Ku duba ku faɗa mana, za mu karanto a shiri na gaba. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.