Dokin Itace da Maɓallin Sauka: Ƙagaggun Labaran Kimiyya da Wahalhalun Na'urorin Zamani

 

GABATARWA

Wannan lacca za ta yi magana ne a kan ƙagaggun labarai na kimiyya, watau irin labaran nan da marubuci kan ɗauki wani abu da masana suka gano, ko suke hasashen ganowa, ya gina labari a kansa, ya nuna yadda zaman mutane zai kasance in abin ya tabbata. Abin da za a duba shi ne halin da mai karatu kan sami kansa a ciki idan ya rufe littafin da ya kai shi duniyar wata, ya waiwayo ya tarar an ɗauke wuta, wayarsa ba caji, kuɗin da ya tura wa mai shago tun da safe kuma sun bar asusunsa amma ba su isa ba. Shin marubutan nan yaudararsa suka yi, ko kuwa akwai abin da suka faɗa wanda bai tsaya ya ji ba?

ABIN DA SUKA HANGO

Ya kamata a fara da ba su haƙƙinsu, domin kuwa sun hango abubuwa da dama. A 1865 Bafaranshen nan Jules Verne ya wallafa labarin waɗansu mutane uku da aka shirya harbawa zuwa wata daga jihar Fulorida ta Amurka. Bayan shekara 104, a watan Yuli 1969, kumbon Apollo 11 ya tashi daga Fulorida ɗin ɗauke da mutum uku. Sai dai Verne da wata ƙatuwar igwa ya harba nasa mutanen, abin da ko a yau ba mai rai da zai iya jure wa ƙarfinsa.

Haka nan a 1945 Arthur C. Clarke, mutumin Ingila, wanda daga baya ya yi suna wajen rubuta irin waɗannan labarai, ya bayyana a wata mujalla cewa in aka kafa tashoshi uku a sararin sama, nisan kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, suna juyawa daidai da juyawar duniya, to za su iya isar da saƙo kusan ko'ina. Ba a cika shekara ashirin ba, a watan Agusta 1963, Shugaba Kennedy na Amurka ya yi magana ta waya da Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kan tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, da taimakon wani jirgin ruwa da ke tsaye a tashar Ikko.

Adabin Hausa ma ba a bar shi a baya ba. A shekarar da aka sauka a wata, 1969, aka buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya, inda wani yaro da ake kira Kilba ya haɗu da baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi ya nuna masa abubuwan da ke cikin sararin samaniya. Yaron da ya karanta wannan littafi a makarantar firamare ya tashi da zaton cewa kafin ya yi furfura na'ura za ta sauke wa ɗan'adam dukkan nauyinsa.

ABIN DA MAI KARATU YA TARAR

To, yaron nan ga shi ya yi furfurar. A aljihunsa akwai wayar da ta fi kwamfutar kumbon Apollo ƙarfi nesa ba kusa ba, yana ganin fuskar ɗansa da ke karatu a Masar suna hira. Amma wannan wayar ce dai kan sa shi hawa tudu ko fita bakin titi neman sabis. Ita ce kan tambaye shi lambar sirrin da ya manta, in ya yi kuskure sau uku ta rufe masa ƙofa. In ya kira neman taimako, muryar da aka naɗa ce za ta amsa, ta ce ya latsa ɗaya, ya latsa biyu, har kuɗin wayarsa su ƙare bai ji muryar mutum ba.

Ana iya cewa waɗannan ƙananan abubuwa ne. Amma a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi a Nijeriya, da takardun naira suka yi ƙaranci, jama'a suka koma ga tura kuɗi ta waya, sai hanyoyin suka cushe. An ga magidanci da kuɗinsa a banki ya kasa sayen kwanon masara, an ga mai jinya tsaye a gaban mai sayar da magani suna jiran saƙon da bai zo ba. A watan Maris 2024 kuma waɗansu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke daura da gaɓar Kwaddibuwa, ayyukan bankuna da ofisoshi suka sami cikas a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. Kada a zaci ƙasashen Afirka kaɗai ke fama. Ran 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka ya aika da gyara mai kuskure a cikinsa, kwamfutoci kimanin miliyan takwas da rabi suka tsaya cik a duniya, aka soke tashin dubban jiragen sama, asibitoci suka ɗage ayyuka.

A nan ne mai karatu kan yi tsaki ya ce littattafan nan ba su faɗa masa haka ba. An tsorata shi da halittar da ta juya wa mai ita baya, kamar a littafin Frankenstein na Mary Shelley, 1818, ko da mahara daga duniyar Mirrihi kamar a littafin H. G. Wells na 1898. Abin da ya zo masa kuwa ba shi da wannan kwarjini, sai dai cin rai kullum safiya.

MARUBUTAN DA SUKA HANGO ƁACIN RAI

Sai dai wannan ƙorafi bai shafi kowa ba. A 1909 E. M. Forster ya rubuta gajeren labari mai suna The Machine Stops, watau Na'ura Ta Tsaya. Mutanen labarin a ƙarƙashin ƙasa suke zaune, kowa shi kaɗai a ɗakinsa kamar kudan zuma a cikin saƙa. Abinci da iska da gado duk Na'ura ke kawo su in an latsa maɓalli. Uwa da ɗanta ba sa haɗuwa, sai dai su ga juna a kan wani faifai. Babban aikinsu kuwa shi ne yi wa juna lacca daga ɗaki zuwa ɗaki. Abin lura a labarin shi ne yadda Na'urar ta mutu. Da farko kiɗan da take sa musu ne ya soma shaƙewa, suka kai ƙara ga kwamitin gyara, aka ce za a duba. Daga nan ruwan wanka ya soma wari, 'ya'yan itace suka soma zuwa da ruɓa. Kowane lahani sai su yi gunaguni kwana biyu, sa'an nan su saba da shi. Ashe na'urar gyaran ce da kanta ta lalace, kuma ba sauran mutum ɗaya da ya san yadda dukkan abin yake aiki. Duk wanda ya taɓa cewa “haka abin yake” ya tafi sayen man janareta, ya san mutanen nan.

Philip K. Dick, Ba'amurke, ya zo da wani ɓangaren a littafinsa Ubik na 1969. Mutumin labarin, Joe Chip, ya tashi zai buɗe ƙofar gidansa, ƙofar ta ƙi buɗuwa sai ya jefa mata kwabbai, shi kuwa ba shi da ko sisi. Da ya ɗauko wuƙa zai kwance ƙusoshinta, sai ta yi barazanar kai shi kotu. Masu karatu na wancan zamani dariya suka yi. A yau kuwa mutum kan sayi kaya da kuɗinsa, ya tarar ba za su yi aiki ba sai yana biyan kuɗin wata-wata, ko kuma an rufe su yadda in sun lalace ba mai iya buɗewa sai kamfanin da ya ƙera.

DOKIN ITACE

Tun kafin waɗannan duka, akwai wani labari a cikin Alfu Laila wanda ya taɓo tushen maganar. Wani masani ya kawo wa sarkin Farisa doki da aka sassaƙa da baƙin itace, wanda ke tashi sama. Ɗan sarki ya hau, masanin ya nuna masa maɓallin tashi, ya murɗa, doki ya lula da shi. Sai da ya yi nisa, ƙasa ta ɓace masa, sa'an nan ya tuna bai tambayi yadda ake sauka ba. Bai tsira ba sai da ya natsu, ya laluba jikin dokin, ya gano wani maɓallin da kansa.

Wannan shi ne halin al'ummar da ke sayen na'ura ba ta sayi iliminta ba. An nuna mata maɓallin tashi domin shi ne ke sayar da kaya. Maɓallin sauka, watau sanin yadda ake gyara da abin da za a yi ranar da na'ura ta ƙi, ba ya zuwa a cikin kwali. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Samarin da ke zaune a kasuwar Farm Centre ta Kano suna buɗe wayoyin da aka ƙera a ƙasar Sin suna canza musu gilashi da batir, su ne ke yin abin da ɗan sarkin nan ya yi, kuma akasarinsu a gaban ubangida suka koya, ba a aji ba.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na farko, ya kamata jami'o'i da kwalejojin fasaha su ɗauki gyara a matsayin ilimi, su jawo masu gyaran nan kusa, kowane ɓangare ya ƙaru da ɗan'uwansa. Na biyu, a rubuta bayanin na'urori da Hausa, domin manomin da aka ce ya karɓi kuɗin amfanin gonarsa ta waya ya cancanci ya san abin da yake latsawa. Har ila yau, duk hukumar da za ta ɗora rayuwar jama'a a kan na'ura, to ta bar wata ƙofa da mutum zai bi ranar da na'urar ta tsaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku ya shafi marubuta. Nnedi Okorafor ta saukar da baƙi daga sama a cikin birnin Ikko a littafinta Lagoon na 2014, ta nuna cewa irin wannan labari na iya zama a ƙasar nan daram. Hanyar da Umaru Dembo ya share tana nan tana jiran masu bi. Marubucin Hausa da zai bi ta yana da abin da Verne ba shi da shi, domin ya zauna da na'ura ranar da take aiki, ya kuma zauna da ita ranar da ta ƙi.