Shekarun da Ba a Jin Ciwo: Maikro-RNA da Sankarar Bakin Mahaifa

Shugaban taro, malamaina, iyayena mata, ɗalibai, da baƙinmu da suka yi sammako daga Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, barkanmu da haɗuwa a nan Kazaure.

Mace kan ɗauki ƙwayar cutar HPV tana amarya, ba zazzaɓi ba ciwon kai, sai tana shirin aurar da 'yarta ta fara ganin jini ba a lokacin al'ada ba. Tsakanin kamuwa da fitowar sankarar bakin mahaifa akan yi shekara 15 zuwa 20, ga mai fama da HIV kuwa 5 zuwa 10. Abin da ke gudana cikin wannan dogon shiru shi zan yi magana a kai.

Amma bari in fara wanke iyayenmu mata. Kusan duk baligin da ya san shimfiɗar aure yakan ɗauki HPV a wani lokaci, maza da mata, kuma garkuwar jiki ke share ta a mafi yawan mutane. Samun ta ba shaidar lalata ba ne. Masu naci a cikinta su ne matsala, musamman nau'i na 16 da na 18, waɗanda Bajamushe Harald zur Hausen ya gano a 1983 da 1984. Su biyun ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.

To, mene ne maikro-RNA? Ku ɗauki kowace ƙwayar jiki kamar masarauta. DNA ita ce kundin da ke fada, ba ya fita. Idan ana son a ƙera wani furotin, sai a kwafi umarni a ba ɗan aike. Maikro-RNA ɗan guntu ne, haruffansa kusan 22 kacal, yana tsaye a zaure kamar dogari. In ya gane takardar da ke hannun ɗan aike, sai ya riƙe ta, ko ya sa a yage. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka bankaɗo wannan a 1993, a jikin wata 'yar tsutsa, kuma sai a 2024 aka ba su kyautar Nobel. Ɗalibai, ku lura: tsutsa ce, ba giwa ba.

HPV ba ta zuwa da yaƙi, juyin mulki take yi. Tana amfani da furotin biyu, E6 da E7. E7 yana ɗaure pRb, mai hana ƙwaya rabuwa barkatai. E6 kuma yana sa a rushe p53, wanda aikinsa shi ne ya tsayar da ƙwayar da ta lalace ko ya umarce ta ta mutu. A nan ne labarin ya fi ba ni mamaki, domin p53 shi ke naɗa wani dogari mai suna miR-34a. Da ubangida ya faɗi, dogarin ya yi ƙaranci, sai takardun "ku yi ta rabuwa" su riƙa wucewa ba mai tarewa. An ga miR-143 da miR-145 da miR-218 su ma suna raguwa. Shi kuwa miR-21 ƙaruwa yake yi, kuma takardun da yake ƙwacewa na masu tsawatarwa ne, irin su PTEN. An kori dogarawan kirki, an cika zaure da na banza, mai jiki kuwa tana can tana surfe lafiya lau.

Burin masana shi ne a riƙa karanta yawan waɗannan guntaye a ɗan abin da aka shafo daga bakin mahaifa, a bambance wadda jikinta zai share cutar da wadda ke hanyar sankara. Wannan bai zama gwajin yau da kullum ba tukuna. An kuma gwada mayar da miR-34a magani da sunan MRX34, aka dakatar a 2016 saboda mummunar illar da ya yi wa wasu majinyata. Duk wanda ya tallata muku maganin maikro-RNA a kasuwa yau, ku riƙe kuɗinku.

A 2020 Nijeriya ta samu sababbin masu wannan sankara kusan 12,000, kusan 8,000 suka rasu. Abin da ke hannunmu a yanzu biyu ne. Akwai rigakafin HPV, allura ɗaya, kyauta, wanda aka ƙaddamar ranar 24 ga Oktoba, 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Jigawa na cikin jihohin farko. Akwai kuma duba bakin mahaifa, wanda mafi sauƙinsa da ruwan binega ake yi, a ga tabon tun bai zama sankara ba.

Iyayena maza, izinin fita a hannunku yake. Ku bari a yi wa yaran nan allura, ku kai iyayensu a duba su tun suna cewa lafiyarsu ƙalau.