Lokacin Shuka Irin Ciyawa: Jawabi Ga Manoma da Makiyaya

Jawabin nan ya shafi wata sana'a wadda a dā mutane da yawa ba su ɗauke ta sana'a ba, watau noman ciyawa. Manomi ya saba da nome ciyawa ya zubar, makiyayi kuwa ya saba da samunta kyauta a daji. To, amma daji ya ƙuntata, gonaki sun cinye burtali da makiyaya a wurare da dama, kuma duk wanda ya ga farin 1973 ko na 1984 ya san yadda garke yake ƙarewa idan abinci ya yanke. Saboda haka yau akwai masu keɓe fili su shuka gamba ko kyasuwa domin dabbobinsu, akwai masu shuka ciyawa domin tsare zaizayar ƙasa, akwai kuma makarantu masu son gyara filin ƙwallo. Dukansu tambaya ɗaya suke yi wa malamin gona: a wane wata ne ya kamata a watsa irin?

Amsar ita ce babu wata guda ɗaya wanda ya dace da Nijeriya baki ɗaya. Ruwan ƙasar nan yana zuwa ne da iskar da ke tasowa daga Tekun Atilantika, wadda take turo busasshiyar iskar hamada zuwa arewa sannu a hankali. Tana sauka a Fatakwal da Kalaba tun wajen watan Maris, ta isa Abuja da Kaduna a Afrilu ko Mayu, ba ta zauna sosai a Kano ba sai Yuni, a Sakkwato da Maiduguri kuwa wani lokaci sai an shiga Yuli. Sa'ad da za ta koma, sauri take yi. Ƙarshen Satumba ruwa ya ɗauke a can arewa, alhali kuwa a bakin teku ana sheƙa shi har Nuwamba. Kalaba takan sami ruwa kusan milimita 3,000 a shekara, Sakkwato ba ta cika wuce 700 ba. Wanda ya ji ɗan'uwansa na Lokoja ya yi shuka, shi ma ya ɗauki irinsa ya watsa a Daura a makon nan, ya ciyar da tururuwa ne kurum.

Dalilin da ya sa ciyawa ta fi hatsi wuyar sha'ani yana cikin ƙwayar irin. Ƙwayar dawa ko masara tana da guzurin da zai riƙe tsiro kwanaki, ana kuma binne ta da zurfi inda laima take daɗewa. Irin ciyawa ƙanƙane ne ƙwarai, ba shi da guzurin kirki, kuma idan aka binne shi fiye da santimita ɗaya ko biyu ba zai iya huda ƙasa ya fito ba. Ke nan dole ya kwanta a saman ƙasa, wurin da rana take fara busarwa. Idan ruwan farko ya jiƙa shi ya tsaga, sa'an nan aka yi mako guda ko kwana goma babu ɗigo, tsiron ya mutu, kuma irin da ya riga ya tsaga ba ya sake tsirowa. Manoman gero na arewa sun saba da binne, su sa iri a busasshiyar ƙasa su jira ruwa, in ya lalace su sake. Wannan dabara ba ta dace da ciyawa ba, domin irinta mai kyau yana da tsada, yana da wuyar samu, kuma tururuwa da tsuntsaye sukan kwashe shi kafin hadari ya haɗu.

Don haka ruwan bazara, komai ƙarfinsa, ba shi ne ruwan shukar ciyawa ba. A jira damina ta zauna. Masana yanayi na yankin Sahel suna da ma'aunin da suke amfani da shi: a sami ruwa aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a cikin kwana talatin da suka biyo baya kada a sami tsaiko wanda ya wuce kwana bakwai. Manomi ba zai iya ganin kwana talatin na gaba ba, amma yana da hanyoyinsa. Ya tona rami da fartanya har tsawon tafin hannu. In ƙasar da ke ƙarƙashi tana dunƙuluwa a hannu, laima ta shiga. Ya dubi ciyayin Allah na gefen hanya, in sun fito sun yi kore ba su yanƙwane da tsakar rana ba, alama ce mai kyau. Har ila yau Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take nuna lokacin da ake sa ran ruwa zai fara da lokacin da zai ɗauke a kowace jiha. Hasashe ne, yana iya saɓawa, amma ya fi jita-jitar kasuwa.

Jira kuma yana da iyaka, kuma nan ne mutane da yawa suke yin asara. Sukan ce bari a gama da hatsi da gyaɗa tukuna, in an yi noman farko da maimai sai a waiwayi ciyawa. Kafin hannu ya sami sarari an shiga marka. A lokacin nan ruwa mai ƙarfi yana wanke ƙananan ƙwayoyi ya tara su a kwari, ƙasar laka tana cika da ruwa har tsiro ya ruɓe, ga kuma ciyayin banza da suka riga suka yi ƙarfi suna danne duk abin da ya fito. Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙarancin kwanakin da suka rage. Ciyawa mai daɗewa irin gamba tana tsallake rani ne da ƙarfin saiwarta, kuma saiwar tana bukatar kamar wata biyu zuwa uku na laima kafin ta nutsa sosai. Gambar da aka shuka a ƙarshen Agusta a ƙasar Katsina za ta yi kore mai faranta rai a Satumba, mai ita ya yi murna, amma in hunturu ya busa sai ta bushe har tushe, damina ta dawo ba ta farfaɗo ba. Lissafin da ya kamata a yi shi ne a fara daga ranar da ruwa ya saba ɗaukewa a garin, a ƙidayo baya mako goma ko goma sha biyu. Wannan ita ce rana ta ƙarshe, bayanta sai a ajiye irin sai baɗi.

In aka bi wannan lissafi, za a ga ƙofar shuka ba faɗinta ɗaya ba. A Sakkwato da Katsina da Kano da Borno ƴan makonni ne kawai, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. A ƙasar Zariya da Kaduna da Neja da Bauci ta kudu, Yuni da Yuli duka suna da kyau. A Binuwai da Kwara ana iya farawa tun Mayu. Kyasuwa, da yake shekara ɗaya take yi ta zubar da iri ta mutu, ta fi gamba haƙuri da jinkiri, shi ya sa ta fi dacewa da wuraren da damina take gajere.

Kudu tana da nata sha'ani. A ƙasar Yarbawa, wajen Ibadan da kewaye, ruwa yakan tsagaita a cikin Agusta, ya raba damina kashi biyu. Wanda ya yi shuka gab da wannan hutu ya jefa tsironsa cikin ƙishirwa, wanda kuma ya jira kashi na biyu a Satumba yana da kwanaki kaɗan kafin rani. Afrilu da Mayu sun fi aminci. A can matsalar ba ƙarancin ruwa ba ce, yawansa ne da saurin ciyayin banza, shi ya sa aka fi son dashe da tushe ko da kara, kamar yadda ake dasa rake, maimakon watsa iri.

Ko a gari ɗaya ma filaye sun bambanta. Jigawa tana shan ruwa da sauri tana kuma bushewa da sauri, sai a jinkirta mata har ruwa ya yi ta zuwa a kai a kai. Fadama kuwa a riga ambaliya, a yi shuka da wuri domin ciyawar ta ɗaga kai kafin ruwa ya kwanta. A kan gangare, inda ake son tsare zaizaya, dashen jema a jere ya fi watsa iri, domin ruwa ɗaya ya isa ya share irin zuwa rafi.

Akwai wani abin da yake ruɗin ma'aikatan makarantu da masu gidaje a birane. Sukan sayi irin ciyawar ado a cikin kwali daga Turai, su karanta a jikinsa cewa a shuka a Satumba ko Afrilu. Wannan umarni an rubuta shi ne domin Ingila da makamantanta, inda sanyi da ɗumin ƙasa suke yanke hukunci, kuma yawancin irin nan ba ya jure zafin Maris a Kano ko Yola ko da an bi umarnin. Sai fa a tuddan Jos da Mambila, inda iska take da sanyi, wasu daga cikinsu suke iya rayuwa. Filin ƙwallo a sauran wurare ya fi karɓar kirikiri, a dasa shi da farkon damina. Mai rijiyar burtsatse wanda yake son yin aikin da rani ya sani cewa ciyayin ƙasashe masu zafi ba sa son daren Disamba da Janairu. Tsiro yakan yi nawa, ruwa ya tafi a banza. Gara ya bari sanyi ya karye.

Shi kansa irin yana da lokacinsa. Gamba tana fitar da kai ne wajen Oktoba, irinta ya nuna a cikin kaka. Sabon iri na ciyayi da yawa ba ya tsirowa sosai sai ya kwanta wasu watanni, don haka wanda aka tara a Nuwamba aka ajiye a busasshen wuri yakan yi daidai da shukar Yuni. In ya shekara biyu ko uku a ɗaki mai zafi da laima, ƙarfinsa ya ragu. Kafin damina da mako uku, a ƙirga ƙwaya 100 a shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen tsumma a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa, a ga nawa za su tsaga. In kaɗan ne, a ƙara yawan irin ko a nemi wani tun da sauran lokaci. Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana aiki a kan irin ciyawar kiwo, kuma malaman gona na jihohi suna iya nuna inda za a samu.

Ranar shuka, a gauraya irin da yashi mai ɗan laima domin ya watsu daidai, musamman na gamba mai gashi wanda iska take ɗauka. A yi aikin da safe ko da yamma bayan an yi ruwa, a ja reshen ƙaya ko a bi da ƙafa a danne shi ya manne da ƙasa. Sa'an nan a kewaye filin, a hana dabbobi shiga har ciyawar ta kafu, a kuma share gefensa kafin lokacin ƙunar daji.