Pita Buruk, Baturen da ya sauke wa ofera kaya

Hirarmu ta yau za ta ɗan yi nisa da gida, amma ku yi haƙuri, za ta juyo ta biyo ta Agadas da Damagaram har Kano. Labarin wani Bature ne ɗan Ingila, Pita Buruk, wanda ya yi sama da shekara 70 yana tsara wasan kwaikwayo, kuma ya yi suna wajen rage wa wasa kaya har ya zama mutum zai iya naɗe shi ya saɓa a kafaɗa.

Bari mu fara da ofera ɗin kanta, don na san wani zai ce wace ce kuma wannan. Ofera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa. Gaisuwa da waƙa, faɗa da waƙa, mutum ko mutuwa zai yi sai ya rera tukuna. A Italiya aka fara ta wajen shekarar 1600, a gidajen sarakuna da masu hali, daga nan ta bazu Turai. A babban gidan ofera akwai wani rami a gaban dandamali inda makaɗa suke zama, su 60 ko 80, wani lokaci fiye. Mawaƙin kuma ba shi da lasifika. Da ƙirjinsa da maƙogwaronsa zai tsallake duk wannan kiɗa ya kai muryarsa ga mutumin da ke kujerar ƙarshe. Makiyayin da ya taɓa kiran ɗan'uwansa daga wancan gefen fadama iska tana kaɗawa ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

To wannan gida shugabanni biyu gare shi. Akwai shugaban makaɗa, mai 'yar sanda a hannu, shi ke da iko da sauti. Akwai mai ba da umarni, wato darakta, shi ke cewa wane ya shigo ta nan, wance ta zauna can, ga irin tufafi, ga irin haske, ga abin da labarin yake nufi. Aikin Buruk ke nan. Kuma kun san jirgi ɗaya da matuƙa biyu.

An haife shi a Landan ranar 21 ga Maris 1925. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Latbiya. Ya yi karatu a Okusfod, kuma tun yana ɗan saurayi ya fara tsara wasannin Shekisfiya ana yabonsa. A 1947, yana da shekara 22 kacal, aka ba shi shugabancin tsara wasanni a Kobent Gadin, babban gidan ofera na Landan. Ku duba fa, yaro ɗan 22 a kan mawaƙan da wasu sun haife shi.

Abin da ya tarar bai yi masa daɗi ba. Mawaƙi zai fito ya tsaya ƙiƙam a gaban dandamali, idonsa a kan sandar shugaban makaɗa, ya buɗe hannu ya rera wa masoyiyarsa kalaman so, alhali ita tana can gefe ko kallonta bai yi ba. Wani babban mawaƙin sai ana gobe wasa zai sauka daga wata ƙasa, ya yi abin da ya saba yi a ko'ina, ya karɓi kuɗinsa ya wuce. Buruk yana so a yi wasa na gaske, su kuma suna cewa mu murya muka kawo. Rigimar ta kai ƙarshe a 1949, lokacin da ya tsara wata ofera mai suna Salome, ya ɗauko mai zanen nan ɗan Sifaniya, Salbado Dali, wanda zanensa kamar mafarkin mai zazzaɓi yake, ya ba shi aikin ƙawata dandamali. 'Yan jarida suka yi masa ca. Zuwa 1950 ya bar gidan. Ya ƙara taɓa ofera sau biyu a birnin Niyok na Amurka, a 1953 da 1957, daga nan ya juya mata baya fiye da shekara 20.

A tsakanin nan sunansa ya yi ta girma a wasan kwaikwayo na magana. A 1968 ya fitar da wani ɗan littafi da ma'anar sunansa ita ce filin da babu komai a cikinsa, inda ya dage cewa labule da kujeru masu laushi da fitilu duk ƙari ne, asalin abin shi ne mai wasa da mai kallo. Faɗa da baki dai ba wuya. A 1970 ya koma Faris, ya tara 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban, waɗanda ko harshen juna ba sa ji sosai, don ya gwada ko maganar tasa za ta tsaya da ƙafarta.

Ga inda labarin ya iso ƙofarmu. A Disamban 1972 ya ɗebi 'yan wasa 11, cikinsu akwai Bajapane, akwai ɗan Mali, akwai wata budurwa 'yar Ingila, Helen Miran, wadda daga baya ta zama babbar tauraruwar fim. Suka sauka Aljeriya, suka hau motocin Land Rover, suka keto Sahara ta In Salah da Tamanraset, suka faɗo Agadas, suka biyo Damagaram, suka tsallaka Kano da Jos, har ƙasar Yarabawa da Kwatano, sannan suka juya ta Mali. Wata uku da 'yan kai suna tafe. Direbobinmu na hanyar arewa sun san wannan turba da ƙurarta.

Babban kayan aikinsu darduma ce. Su isa gari, su nemi izinin mai gari, su shimfiɗa ta a kasuwa ko gindin bishiya, su fara. A kasuwar In Salah, takalmi ƙafa biyu aka ajiye a tsakiyar dardumar, aka gina wasa a kansa nan take, ba rubutu ba shiri.

Me ya kawo shi? A Landan, mutumin da ya sayi tikiti mai tsada ya sa kwat ya zauna, ko wasan ya gundure shi zai daure har ƙarshe, ya tafa, don kada a ce bai waye ba. Mutumin kasuwa ba ya bin ka wannan bashin. Bai biya ko dala ba, ga awakinsa can ba mai tsaro, ga ciniki yana jiransa. Ka ɓata masa lokaci, ya kaɗe rigarsa ya yi gaba. Duk mai tallan magani a kasuwar mako ya san wannan jarrabawa, kuma Buruk da mutanensa sun sha faɗuwa a cikinta. Wasu ranakun jama'a su yi dariya su matso, wasu ranakun a tsaya ana kallonsu kamar an ga mahaukata.

Wani ɗan jarida da ya bi su, Jon Hailfan, ya rubuta littafi a kan tafiyar, kuma a ciki akwai labarin da makiyaya za su so ji. A Agadas sun haɗu da wasu Fulani cikin kwalliya, suka zauna da su, Turawan suka yi ta rera waƙoƙinsu ɗaya bayan ɗaya. Fulanin ko a jikinsu, suna ta duba fuska a 'yan madubansu. Sai da baƙin suka bar waƙoƙin, suka haɗa murya a kan sauti guda ɗaya tal suka ja shi da tsawo, sannan Fulanin suka ɗago kai suka amsa, suka shiga rera nasu. Wanda ya san kunyar Bafulatani da jan ajinsa ba zai yi mamaki ba. Ba ya tanka wa hayaniya.

Sai dai ni akwai abin da ke tsaya mini a rai. Lokacin nan, 1972 zuwa 1973, shi ne tsakiyar babban farin da ya share garkunan Sahel, wanda dattawanmu har yau in suka tuna sai su yi shiru. Baƙi sun zo da motoci da guzuri suna neman darasin wasa a wurin mutanen da shanunsu ke faɗuwa. Sun samu darasin, sun koma, an rubuta littattafai, sunan Buruk ya ƙara tashi. Mutanen da suka tsaya a bakin dardumar nan kuwa, a labarin, jama'a ce kawai. Ban ce mugunta ya zo yi ba, amma cinikin ya fi faɗawa gefe ɗaya. Irin wannan ƙorafi wasu masanan Indiya ma sun yi masa bayan 1985, da ya ɗauki babban labarinsu na Mahabarata ya mai da shi wasan awa tara.

Da ya koma Faris, a 1974 ya samu wani tsohon gidan wasa da aka yi watsi da shi a bayan babbar tashar jirgin ƙasa ta arewacin birnin, ana kiransa Buf du Nor. An gina shi tun 1876, bango duk ya ɗaɗɗaye. Buruk ya hana a yi masa kwalliya, ya bar bangon da tabonsa. Wajen mutum 500 yake ci, kuma 'yan sahun gaba a ƙasa suke, daf da masu wasa, kamar dai zaman bakin darduma.

A wannan gida ya koma wa ofera a 1981, kuma ya zaɓi wadda ta fi kowace farin jini, Karmen, ta Bafaranshe Bize, wadda aka fara nunawa a 1875. Labarin a Sifaniya yake. Wani soja, Don Hose, ya faɗa son Karmen, mai aiki a masana'antar taba. Saboda ita ya bar aikin soja ya bi 'yan fasa-ƙwauri cikin duwatsu. E, kun ji daidai, har a ofera akwai su. Daga baya ta bar shi ta koma wa wani gwanin wasa da bijimi, kishi ya ci Hose ya daɓa mata wuƙa. Wasan bijimin nasu kuma ba irin hawan ƙahon mahautanmu ba ne, can da takobi ake kashe dabbar a gaban jama'a ana tafi, abin da na san ba zai yi wa mai shanu daɗin ji ba.

Yadda aka saba, Karmen kusan awa uku take ci, da rundunar 'yan amshi, da sojoji, da yara, da 'yan kasuwa, wasu gidajen har dawakai suke hawarwa dandamali. Buruk da abokan aikinsa biyu, marubuci Jan-Kulod Kariyar da makaɗi Mariyus Konstan, suka zauna suka yi mata sassaƙa. Ta dawo kamar minti 80. Mawaƙa huɗu, 'yan wasa masu magana kaɗan, makaɗa wajen 15. 'Yan amshi duka aka sallame su, 'yan fasa-ƙwaurin ma ba su tsira ba. Aka zuba ƙasa da rairayi a filin, babu ramin makaɗa tsakanin mai waƙa da mai kallo. Tunda mawaƙiya ba ta kokawa da makaɗa 80, tana iya yin ƙasa da murya kamar mai raɗa, tana iya rerawa a zaune ko a kwance, idonta cikin idon wanda take wa magana. Abin da ya nema a Landan yana ɗan 22 aka hana shi, sai da ya kai 56 ya same shi.

Ya kuma warware wata matsala ta sana'ar. Muryar ofera ba ta jure aiki kowane dare, sai an hutar da ita, kamar raƙumin da ya sha doguwar tafiya. Sai ya horar da rukuni fiye da ɗaya, aka yi makonni ana atisaye tare, Karmen uku suna karɓa-karɓa. Da aka zo ɗaukar wasan a fim a 1983, sau uku aka ɗauka, kowace da nata.

Ba kowa ya yaba ba. Masoya Bize da yawa sun ce wannan ai yanka ne, an cire wa ofera rabin daɗinta. Kuma suna da hujja. Ku ɗauki babban mawaƙinmu na gargajiya ku raba shi da 'yan amshinsa, ku ji yadda waƙar za ta rame. Taron jama'a a Karmen yana da aikinsa, shi ke nuna cewa a idon duniya aka yi wannan soyayya da wannan kisa. Inda na ba Buruk gaskiya shi ne bai ɓoye mudunsa ba. Bai kira abin nasa Karmen kawai ba, ya sa masa wani suna, Masifar Karmen, don mai saye ya san abin da zai saya. Ɗan kasuwa ya san bambancin wanda ya rage mudu a ɓoye da wanda ya ce maka ƙaramin mudu ne, ga farashinsa.

Haka ya sake yi a 2010, yana da shekara 85, da oferar Mozat ta 1791 wadda ake kira Sarewar Sihiri. Shi sai ya kira tasa Wata Sarewar Sihiri, wato ɗaya daga cikin yadda za a iya yin ta. Mawaƙa bakwai ba takalmi, 'yan wasa biyu, ɗayansu ɗan Mali, kayan kiɗa kuma fiyano guda ɗaya. Sauran kayan dandamali sandunan gora ne a tsaye. A jera su su zama daji, a matsa su su zama kurkuku, a gicciye su su zama ƙofar fada. Wanda ya taɓa ganin yaran ruga sun mai da kara saniya sun mai da dutse rijiya ya riga ya san dabarar.

Kuma don a yi masa adalci, alaƙarsa da yankinmu ba ta tsaya a tafiyar 1972 ba. Sotigi Kuyate, ɗan gidan maroƙan Mande da aka haifa a Bamako ya tashi a Burkina Faso, ya yi shekaru kusan 20 yana cikin manyan 'yan wasansa. A 2004 shi ya fito a matsayin Cerno Bokar, malamin nan na Banjagara, a wasan da Buruk ya gina a kan littafin almajirin malamin, Amadu Hampate Ba. A wannan karon dai an faɗi sunan mai labari da sunan garinsu.

Pita Buruk ya rasu a Faris ranar 2 ga Yuli 2022, yana da shekara 97. Yaron da yake ɗan shekara 10 lokacin da motocin nan suka tsaya a garinsu, yau ya haura 60. Saboda haka, baba ko inna, a Agadas kuke ko Damagaram ko wani ƙauye a kan hanyar Kano, in kun tuna wasu Turawa da suka shimfiɗa darduma suna tsalle-tsalle a shekarar fari, ku aiko mana da saƙo ta hannun direba ko ta wayar jikanku. Za mu karanta shi a wannan fili, da sunan garinku. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.